Wifi a Zangon Kwatano: Me Ke Hana Shi Gudu, Kuma Ina Gyaran Yake?

Duk wanda ya tsaya a gefen babban masallacin Zango da ke Kwatano ya buɗe sashen wifi na wayarsa, zai ga sunaye sun zubo jere: na shagon sayar da waya, na ofishin masu fito da kaya daga tashar jiragen ruwa, na gidan benen da ke tsallaken titi, da na masu sayar da tikitin shiga intanet. Yawan sunayen nan alama ce ta ci gaba. Amma kuma shi ne tushen wani kuka da ya zama ruwan dare a gidaje: an biya kuɗin wata, fitilun akwatin duk suna ci, sai dai kiran bidiyo zuwa Kano ko Yamai yana yankewa, saƙon murya yana ta juyi ya ƙi tafiya. Galibi sai a ce "babu rezo", a ɗora wa kamfani laifi. Wani lokaci laifin nasa ne. Sau da yawa kuwa ciwon yana cikin gidan, bai wuce taku goma daga inda mai kukan yake zaune ba.

Kalmomin da ake cakuɗawa

Ruɗanin farko shi ne ɗaukar wifi da intanet a matsayin abu ɗaya. Intanet ita ce doguwar hanyar da ke haɗa gidanka da sauran duniya, kuma kamfani ne ke kawo ta har ƙofa, ko ta wayar faiba, wato siririn zaren gilashi mai ɗaukar saƙo da haske, ko ta sandar sadarwa irin wadda wayar hannu ke kamawa. Wifi kuwa ɗan gajeren rediyo ne da ke aiki a kusa kawai, tsakanin akwatin da ke raba intanet da wayarka ko kwamfutarka. Akwatin nan shi ne rauta, wanda a Kwatano aka fi kira boks ko modem. "Rezo" kalma ce ta Faransanci mai nufin hanyar sadarwa, kuma da yake ana amfani da ita ga duka biyun, takan ɓoye wanne ne ya lalace. Layukan nan masu kama da fanka da ke saman fuskar waya ƙarfin muryar rauta kawai suke nunawa. Za su iya cika fal alhali intanet ba ta shigo gidan ba sam.

Masu sauraron rediyo sun san gajeren zango da matsakaicin zango. Wifi ma yana da zanguna nasa. Biyu ne suka fi yawa a gidaje: na gigahaz 2.4 da na gigahaz 5. Gigahaz ma'auni ne na saurin kaɗawar igiyar rediyo, sau biliyan ɗaya a daƙiƙa. Kowane zango an yanka shi ƙananan tashoshi, waɗanda shafin saitin rauta ke kira "kanal". Katsalandan kuma shi ne duk wata igiyar rediyo da ta faɗo cikin tasharka ta ɓata maka saƙo, har sai an sake turawa.

Akwai kuma batun "mega". Kamfanoni suna tallar gudu da megabit a daƙiƙa, waya kuma takan nuna girman fayil da megabayit, kuma bit takwas ne ke yin bayit ɗaya. Wanda ya sayi layin mega 20 ya ga fim yana sauka da mega biyu da rabi a daƙiƙa, ba a cuce shi ba, lissafin ke nan.

Hanyar da intanet ke bi kafin ta iso ɗaki

Kwatano na bakin teku, kuma nan ne manyan wayoyin ƙarƙashin ruwa ke fitowa tudu a Jamhuriyar Benin. SAT-3 ta fara aiki a 2002, daga baya ACE ta iso a 2015. Daga nan kamfanoni ke rabawa: MTN, da Moov Africa, da Celtiis wanda kamfanin gwamnati na SBIN ya ƙaddamar a Oktoban 2022, da masu sayar da intanet zalla irin su Isocel. Starlink, mai amfani da tauraron ɗan'adam, ya fara aiki a ƙasar a ƙarshen 2023. Hukumar ARCEP ce ke sa ido a kan dukkansu.

Ranar 14 ga Maris 2024 wayoyi huɗu na ƙarƙashin teku, WACS da MainOne da SAT-3 da ACE, suka samu matsala a gabar Kodebuwa, kuma Benin na cikin ƙasashen da abin ya fi taɓawa. A ranar, duk gyaran da mutum zai yi wa rautarsa ba zai tsinana komai ba. Wannan shi ne misalin matsalar da ke waje. Haka nan cunkoson sandar sadarwa da dare, lokacin da kowa ya dawo gida ya hau kallo, shi ma ba daga ɗaki yake ba. Sauran abin da za a tattauna a nan ya shafi taku na ƙarshe ne, daga rauta zuwa hannu, wanda shi ne ke hannun mai gida.

Asalin cunkoson iska

A 1985 hukumar sadarwar Amurka ta ba da damar kowa ya yi amfani da wasu zanguna ba tare da lasisi ba, cikinsu har da na 2.4. A 1997 ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar farko mai lamba 802.11, sunan Wi-Fi kuma ya bayyana a 1999. Rashin lasisin nan ne ya sa wifi ya yi arha ya bazu ko'ina, kuma shi ne ya sa babu wanda ya mallaki tasharsa. Fili ne na kowa da kowa.

Da yake babu mai raba rana, na'urorin wifi suna bin wata ladabi irin ta zauren dattawa: ka saurara tukuna, in wani yana magana ka jira ya dire, sannan ka ɗauka. In biyu suka ɗauka tare, kowa ya yi shiru ɗan lokaci ya sake gwadawa. Muhimmin abin da mutane ba su cika sani ba shi ne cewa zauren bai tsaya a bangon gidanka ba. Rautar maƙwabci da ke kan tasharka, muddin taka tana jin muryarta, cikin zaure ɗaya suke, kuma layi ɗaya suke bi. A unguwar da gidaje ke da tazara wannan ba wani abu ba ne. A Zango, inda bango ke jingine da bango, shago a ƙasa gidan haya a sama, rauta ɗaya tana iya jiran wasu da yawa kafin ta samu bakin magana.

Akwai ƙarin wani abu da ke cin lokaci a ɓoye. Wayar da ke nesa da rauta, ko tsohuwa mai tsohon tsari, a hankali take magana, don haka takan daɗe riƙe da zauren. Yaro ɗaya da ke can ƙuryar ɗakin baya yana kallon bidiyo da layi ɗaya tak na sigina yana iya rage wa gidan gaba ɗaya gudu, ba don ya fi kowa shan data ba, sai don kowace jimlarsa tana ɗaukar lokaci mai tsawo kafin ta ƙare.

Gini, ƙarfe da wurin ajiye rauta

Igiyar wifi tana ratsa labule da katako da sauƙi. Bulon siminti yana rage mata ƙarfi sosai, dakalin bene mai rodi a ciki ya fi haka, ƙarfe kuwa mayar da ita baya yake yi. Ruwa ma yana shanye ta, ko na tanki ne ko na jikin mutanen da suka cika ɗaki. Gidajen birni irin na Zango sun tara duk waɗannan: bangon bulo, ƙofar ƙarfe, tagogi masu sandunan tsaro, rufin kwano. A ma'aunin injiniyoyi, duk raguwar desibel uku na nufin rabin ƙarfin ya tafi, kuma bango mai kauri guda ɗaya yana iya cin ninkin wannan sau da dama.

Sai a dubi inda aka saba ajiye akwatin. Yana ƙasa bayan talabijin, cikin kabad mai ƙofa, wayoyin caji sun nannaɗe shi, dikoda na bisa kansa, eriyoyinsa a kwance don kabad ɗin ya rufu. An ajiye shi nan ne don a nan soket yake, kuma don kada yara su taɓa ko idon baƙo ya kai kansa. Dalilai ne masu ma'ana, amma tun kafin sigina ta fita falo an riga an shaƙe ta. A ɗauke shi a kafa a bango sama da tsayin mutum, a fili, kusa da tsakiyar ɗakunan da ake zama, nesa da firiji da madubi da tankin ruwa, eriyoyin a tsaye. Eriyar da ke tsaye tana watsa sigina ne a gefe-gefe kamar faifai, shi ya sa wanda ke saman bene daidai kanta yakan samu rauni. Kwantar da eriya ɗaya kan taimaka masa. Wannan gyara ba ya cin ko sefa ɗaya, kuma a ganin mai wannan sharhi babu wanda ya kamata ya sayi sabuwar na'ura kafin ya gwada shi.

Rauta mai aiki da katin SIM tana da tata matsalar. Tana buƙatar taga don ta ji sandar sadarwa da kyau, wifi ɗinta kuma yana buƙatar tsakiyar gida. Ba kasafai wuri ɗaya ke biyan buƙatun biyu ba. Mafita ita ce a bar ta a tagar da ta fi kama rezo, a ja waya daga jikinta zuwa rauta ta biyu a tsakiyar gida.

Zaɓen zango da tasha

Zangon 2.4 yana da tashoshi 13, amma tazarar da ke tsakanin kowace biyu megahaz 5 ce kawai, alhali kowace tasha faɗinta ya kai megahaz 20. Ma'ana suna hawa kan juna. Uku ne aka saba zaɓa don ba sa taɓa juna: 1 da 6 da 11. Nan ne mutane da yawa ke kuskure da kyakkyawar niyya. Mutum ya ga 1 ta cika, 6 ta cika, sai ya koma 3 yana zaton ya samu fili. A gaskiya ya shiga tsakanin zauruka biyu ne, yana jin hayaniyar kowanne, ba ya fahimtar maganarsu balle ya bi layi, su ma yana dama musu. Gara ka zauna kan tasha ɗaya da maƙwabci kuna jiran juna, da ka zauna a gefensa kuna yi wa juna ihu. Haka nan a wannan zango faɗin tasha ya tsaya a megahaz 20. Mai buɗe shi zuwa 40 ya mamaye kusan rabin filin, kuma a unguwa mai cunkoso shi ma ba zai ga ribar ba.

Zangon 5 yana da tashoshi masu yawa da ba sa hawa kan juna, kuma ya fi gudu. Rauninsa shi ne ba ya nisa, bango yana kashe shi da wuri. A unguwa irin Zango wannan rauni alheri ne ta wani ɓangare, domin bangon da ya tare naka shi ne ya tare na maƙwabci. Abin da ya fi dacewa shi ne talabijin da kwamfuta da wayoyin da ke kusa su hau 5, a bar 2.4 ga ɗakunan nesa da tsofaffin na'urori. Sai dai ba kowace rauta ke da zangon 5 ba, musamman ƙananan da ake sawa a aljihu, haka ma wayoyi masu arha da yawa 2.4 kaɗai suke gani. Kafin a saya, a duba kwali: tsarin 802.11n na 2009, wanda ake kira Wi-Fi 4, yana iya zuwa da zango ɗaya kawai. Wi-Fi 5 da Wi-Fi 6 su ne ake samu da biyun.

Sauran masu dama ruwa

Ba rautoci kaɗai ke zangon 2.4 ba. Bluetooth nan yake, da lasifikansa da abin kunne. Na'urar ɗumama abinci ta maikurowef tana aiki a kan gigahaz 2.45, tsakiyar filin. Wasu kyamarorin tsaro marasa waya ma nan suke, kuma tashar USB 3 ta kwamfuta tana fitar da ƙara a wannan zango. Kowace waya da aka kunna wa raba data ita ma ta zama ƙaramar rauta.

Sai wuta da yanayi. Duk ƙyaftawar wutar lantarki tana sa rauta ta mutu ta tashi, ta ɗauki mintuna kafin ta dawo daidai, kuma hawa da saukar wuta na gajiyar da cajarta. Ƙaramin batirin ajiya yana magance wannan. Zafi yana rage mata kuzari, don haka rufe ta da ƙyalle don ƙura cutarwa ce. Laimar Kwatano da iskar gishirin teku kuma suna cin bakin wayoyin da aka ja ta waje. Ruwan sama ba ya taɓa wifi na cikin ɗaki. Abin da yakan taɓa shi ne kwanon tauraron ɗan'adam.

Inda ra'ayi ya rabu

Wasu suna ganin maganin rauni shi ne ƙarfi: a sayo rauta mai eriya shida, a buɗe muryarta har ƙarshe. Wannan yana da amfani a babban gida mai fili. Amma magana ce ta ɓangare biyu. Ko da waya ta ji rauta daga nesa, dole rautar ma ta ji amsar wayar, kuma muryar waya ƙarama ce. Sakamakon shi ne layukan sigina su cika, saƙo ya ƙi tafiya. Ƙari a kan haka, rauta mai ihu tana shiga zaurukan maƙwabta da yawa, su ma su ƙara nasu, kowa ya yi asara. A gida mai ɗakuna da yawa, rautoci biyu masu matsakaiciyar murya sun fi guda ɗaya mai ƙaraji.

Saɓani na biyu kan na'urar maimaita sigina ne, wadda ake kira rifita. Masu sonta suna cewa tana da arha, ba ta buƙatar huda bango. Gaskiya ne. Amma mai rediyo ɗaya dole ta saurara sannan ta maimaita a kan tasha guda, don haka gudun yakan ragu da kusan rabi, kuma tana ƙara yawan magana a iskar da ta riga ta cika. Yawanci ma ana kafa ta ne a ɗakin da babu sigina, inda ba abin da za ta maimaita sai rauni. Wurinta shi ne tsakiyar hanya. Tsarin mesh, wato rautoci da yawa masu aiki da suna ɗaya suna miƙa wa juna waya, ya fi ta tsari amma ya fi tsada. Akwai kuma na'urorin da ke tura intanet ta wayar lantarkin gida, sai dai a gidan haya da kowa ke da mitarsa ba lallai su haɗu ba. Wayar ezanet, mai kan roba mai kama da ta tsohon tarho, ita ce ta fi duka tabbas. Tana kai mita 100 ba tare da raguwa ba, maƙwabci ba ya dama mata, kuma duk na'urar da aka mayar kanta, kamar talabijin, ta bar wa sauran iska.

Na uku ya fi taɓa zamantakewa. A Zango hana maƙwabci ko baƙo kalmar sirri abu ne mai nauyi a baki, kuma haƙƙin maƙwabtaka ba abin wasa ba ne. Amma kalmar da aka ba mutum ɗaya takan zaga layi cikin mako, tunda wayoyi na iya miƙa ta da hoton lamba ba tare da an furta ba. Ba sai an zaɓi tsakanin rowa da asara ba. Rautoci da yawa suna da wifi na baƙi daban, wanda ake iya ƙayyade wa gudu. A kulle na gida da tsarin WPA2 ko WPA3, a guji tsohon WEP da aka daɗe da fasawa, a kashe maɓallin WPS, a kuma sauya kalmar shiga saitin rauta da ta zo da ita daga kamfani. Wanda kuma ya mayar da raba wifi sana'a, yana sayar da tikiti, ya shiga hurumin dokar sadarwa ta ƙasar ta 2018 da hukumar ARCEP, don haka ya kamata ya nemi sanin sharuɗɗansu.

Akwai masu fargabar lafiya. Igiyar wifi ba irin ta hoton ƙashi ba ce mai iya lalata ƙwayoyin jiki, ƙarfinta kaɗan ne, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ba a samu tabbatacciyar hujjar cutarwa daga irin wannan rauniyar sigina ba. Wanda ya fi son kashe rauta da dare ba laifi, amma ɓoye ta cikin kabad don tsoro ba ya ƙara lafiya.

Gwajin da ke raba gardama

Kafin a sauya kamfani ko a kashe kuɗi, gwaji uku sun isa. A haɗa kwamfuta da rauta ta waya a auna gudu da manhajar awo. Sannan a auna da wifi a tsaye kusa da ita. Sannan a auna a ɗakin da ake kuka da shi. In na farko ya yi ƙasa da abin da aka biya, maganar kamfani ce, a kai musu ƙorafi da lambobin a hannu. In na farko ya yi kyau na biyu ya faɗi, cunkoson tasha ne ko rautar ta tsufa. In na uku kaɗai ya faɗi, bango ne da nisa. A maimaita da hantsi da kuma bayan sallar isha'i, domin bambancin lokutan biyu shi ke tona cunkoso.

Manhajojin duba wifi na wayoyin Android suna nuna tashar da kowane maƙwabci yake kai, da ƙarfin sigina da lamba mai alamar ɗebewa. Kusa da -50 yana da kyau ƙwarai, wajen -67 shi ne iyakar da kiran bidiyo ke tafiya lafiya, -80 kuwa sai haƙuri. Adireshin shiga saitin rauta, irin su 192.168.1.1, yawanci yana rubuce a ƙarƙashinta.

Abin da ka iya biyo baya

Yayin da faiba ke ƙara shiga unguwannin Kwatano, gudun da ke isowa ƙofa zai riƙa fin abin da tsohuwar rauta a zangon 2.4 za ta iya rabawa. Ma'ana za a ƙara samun masu biyan kuɗin layi mai gudu suna shan kaɗan daga ciki, kuma sauya kamfani, ko da zuwa na tauraron ɗan'adam ne, ba zai canza bangon gida ba. Sababbin tsare-tsare suna kawo sauƙi: Wi-Fi 6 ya fi iya raba lokaci tsakanin na'urori da yawa, akwai kuma sabon zangon gigahaz 6 mai faɗi, wanda hukumar kowace ƙasa ce ke yanke shawarar buɗe shi. Amma cin moriyarsu sai rauta da waya duka sun zama sababbi, kuma wayoyin da ke hannun yawancin mutane za su daɗe a zangon 2.4.

A gidan haya mai rautoci uku ko huɗu akwai abin da za a iya yi tun yanzu. Masu su su zauna su raba tashoshi, na ƙasa ya ɗauki 1, na tsakiya 6, na sama 11, kowa ya tsayar da faɗin tasharsa a megahaz 20 ya kuma rage murya daidai ɗakunansa. Masu gina sababbin benaye kuma su sa bututun wayar ezanet zuwa kowane hawa tun kafin a yi filasta, lokacin da aikin bai wuce na mai haɗa wutar gidan ba.